Yadda Ake Shawo Kan Kirci: Daga Wanka Zuwa Shafa Magani, Mataki-Mataki

Tambayar da ta fi yawan zuwa game da kirci, wanda likitoci ke kira egzima, kusan iri ɗaya ce: an shafa magani ya lafa, bayan mako biyu ya dawo, to wane magani ne zai raba mutum da shi gaba ɗaya? Gara a faɗi gaskiya tun farko, babu shi. Kirci ciwo ne da ake zama da shi, yana tashi yana kwantawa, kamar asma, kuma sau da yawa su biyun gida ɗaya suke fitowa. Yara da yawa yana raguwa musu sosai idan sun tasa, wasu kuma yana bin su har girma. Abin da ke hannun mutum shi ne ya tsawaita kwanakin lafiya, ya gajarta na tashin ciwon.

Aikin kashi biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya ne ke wahalar da mutane. Akwai aikin kullum, wato mai da wanka, wanda ba a dainawa ko fata ta yi sumul. Akwai kuma kashe gobara, wato maganin sitiroyid, maganin shafawa mai kwantar da kumburin fata, na 'yan kwanaki a lokacin da ciwon ya tashi. Wasu masu fama sun juya lamarin: maganin suke shafawa kullum, man kuma sai sun tuna.

1. Tabbatar kircin ne

Alama ta farko ƙaiƙayi ce. In babu ƙaiƙayi, da wuya ya zama kirci. Sai bushewar fata, kaushi, tsagewa, wani lokaci har da tsattsafar ruwa. A jarirai ya fi kama kumatu, goshi da bayan hannuwa da ƙafafu, kuma yakan bar wurin kunzugu lafiya lau. A yaran da suka fara tafiya sai ya koma lanƙwasar jiki: cikin gwiwar hannu, bayan gwiwa, wuya da wuyan hannu. A manya yakan tare a hannu, fatar ido da wuya.

A baƙar fata kada ka tsaya neman ja, domin ba lallai ka gan shi ba. Wurin yakan yi duhu fiye da sauran jiki, ko ya yi toka-toka, ko ya fito da ƙananan ƙuraje a gindin gashi kamar tsigar jiki ta tashi. Inda aka daɗe ana susa sai ya yi kauri, ya yi kanta.

Hattara: abubuwa uku ake yawan rikitawa da shi. Kyasbi, wanda wasu ke kira egzima bisa kuskure, dabbare-dabbare ne a ƙirji da baya, da ɗan gari-gari, kuma ƙaiƙayinsa kaɗan ne. Makero zagaye yake, bakinsa a tashe, tsakiyarsa na washewa. Ƙazuwa tana shiga tsakanin yatsu, ta tsananta da dare, ta bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Kyasbi da makero ƙwayar cutar naman gwari, wato fungus, ce ke kawo su, kuma maganin kirci ƙara musu ƙarfi yake yi, yana ɓoye kamanninsu har likita ma ya sha wahalar ganewa. Shi kuwa kirci ba a ɗaukarsa. Ba dalilin raba wa yaro shimfiɗa ko hana shi wasa da 'yan uwansa. A bari ma'aikacin lafiya ya duba ko da sau ɗaya ne kafin a fara komai.

2. Haɗa kayan aiki

Ba su da yawa: man shafawa mai kauri wanda babu turare a ciki, babban mazubi mai giram 500, abin wanka marar kumfa da ƙamshi, tawul mai laushi, abin yanke farce, cokali mai tsabta, tufafin auduga na kwana, da maganin da likita ya rubuta.

Mafi yawan kuɗin a mai zai tafi, don haka a nan ake lissafi. Yaron da kirci ya kama jikinsa da yawa yana cin giram 250 zuwa 500 a mako, babba kuwa giram 500 ko fiye. A mako, ba a wata ba. Wanda ya sayi 'yar ƙaramar kwalba mai tsada yana lakata kamar turare bai yi komai ba. Basilin fari marar ƙamshi, mai arha, da za a shafa a wadace ya fi ta amfani nesa ba kusa ba. Wani bincike da aka yi a Ingila kan yara 550, aka wallafa a 2022, ya gwada mai iri huɗu, daga mai ruwa-ruwa har zuwa mai maiƙo sosai, bai ga wanda ya fi wani ba. Wanda mai ciwon zai yarda ya shafa kullum, shi ne nasa. Mutane da yawa sukan ajiye biyu: marar nauyi da rana, mai maiƙo da dare.

Akwai kuma inda ba sai an kashe kuɗi ba. Man da ake zubawa cikin ruwan wanka da tufafin siliki na musamman duka an gwada su a kan yara, ba a ga wani ƙarin sauƙi ba.

Hattara: rubutun "na gargajiya" ko "daga tsirrai" a jikin kwalba ba shaida ba ce. Man zaitun, duk da sunan da ya yi, yana raunana fatar mai kirci. Kowane sabon mai a fara gwada shi a ɗan wuri a hannu na kwana biyu ko uku kafin a bi jiki da shi.

3. Wanka

Sau ɗaya a rana ya isa, minti 5 zuwa 10, da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Ruwan zafi yana da daɗi a kan ƙaiƙayi, mai kirci ya san wannan, amma yana wanke maiƙon fata, bayan awa ɗaya kuma susar ta dawo ninki biyu. A ajiye soso. A ajiye sabulu mai kumfa da ƙamshi, har da wanda aka rubuta yana kashe ƙwayoyin cuta. Hannu da abin wanka marar kumfa sun wadatar, kuma ana iya wanka da man shafawar kansa: a shafa shi a jiki, a ɗauraye. In za a wanke kai, a sunkuya yadda kumfar ba za ta gangaro jiki ba.

Da an fito, a dinga danna tawul a hankali, ba gogawa ba, a bar ɗan danshi.

Hattara: mai yana sa daɓen banɗaki santsi. A wanke shi bayan kowane wanka, musamman inda akwai tsofaffi da yara.

4. Shafa mai, aikin da ba shi da hutu

Fatar mai kirci kamar bango ce da simintin tsakanin bulo ya zube: ruwa na fita, ƙura da sabulu da ƙwayoyin cuta na shiga. Mai shi ne yaɓen da ake yi mata. Tunda ba ta iya riƙe yaɓen, dole a maimaita.

A shafa cikin minti uku da fitowa daga wanka, tun danshin bai tashi ba. Bayan haka a ƙara aƙalla sau ɗaya, sau biyu ke nan a rana mafi ƙaranci. A lokacin sanyi da bushewar iska sai a kai uku ko huɗu. Hannu kuwa duk wankewa a shafa.

Yadda ake yi: a ɗebo da cokali, a ɗiɗɗiga a gaɓa, sannan a shafa daga sama zuwa ƙasa, yadda gashi ya kwanta. Ba a murzawa. Murza tana tayar da ƙaiƙayi, shafawa sama kuma tana toshe ƙofofin gashi ta kawo ƙuraje. A bi dukkan jiki, ba inda ciwon yake kaɗai ba, domin fatar da ake gani lafiya ita ma raunin yana nan. In fata tana ɗan sheƙi bayan an gama, an shafa daidai.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a daina da zarar fata ta yi kyau. Lokacin ne ma man yake aikinsa na gaske.

Hattara: kada a tsoma yatsa cikin mazubin, ƙwayoyin cuta na taruwa a ciki, kuma kowa da nasa. Na biyu, kuma wannan ya ci rayuka: tufafi da zanin gado da suka sha mai suna kama wuta cikin ƙiftawar ido, kuma wanki ba ya fitar da man duka. Mai shafa mai da yawa ya nisanci taba sigari, kyandir da buɗaɗɗiyar wuta.

5. In ya tashi: maganin sitiroyid

Nan ne mutane suka rabu gida biyu. Wasu tsoronsa suke ji, suna ɗan taɓawa kwana biyu su ajiye, ciwon ya yi ta ci ƙasa-ƙasa wata da watanni. Wasu kuma sun mai da mafi ƙarfinsa man shafawa, har a fuska. Duka biyun asara ce. Maganin yana da aminci in an dace da ƙarfinsa, adadinsa da kwanakinsa.

Ƙarfinsa hawa huɗu ne. Mai sauƙi shi ne haidirokotizon kashi 1 cikin ɗari, na fuska, wuya da jarirai. Matsakaici kamar Eumovate. Mai ƙarfi kamar Betnovate, na jiki da gaɓoɓi idan ciwon ya yi tsanani. Mafi ƙarfi shi ne Dermovate, na wurare masu kaurin fata kamar tafin hannu da tafin ƙafa, kuma ba a ba yaro shi sai da umarnin likitan fata. Lura cewa lambar da ke jikin bututu ba ita ce ƙarfi ba: Dermovate 0.05 ne, amma ya fi haidirokotizon mai lamba 1 ƙarfi ninkin-ba-ninki. Sunayen sinadaran Eumovate da Dermovate ma sun yi kama sosai, kilobetason da kilobetasol, harafi ɗaya ko biyu ne tsakaninsu, don haka a karanta da kyau kafin a bar kantin magani.

Ma'aunin shi ne gaɓar yatsa. Ka matso maganin a kan manuniyar babban mutum, daga ƙarshenta zuwa layin gaɓa ta farko. Wannan kusan rabin giram ne, kuma yana isar wuri mai faɗin tafin hannu biyu na babba, har da yatsu. Ko yaro za a shafa wa, da yatsa da tafin babba ake aunawa. Ga babban mutum, fuska da wuya suna cin gaɓa biyu da rabi, hannu ɗaya daga kafaɗa zuwa wuyan hannu uku, ƙafa ɗaya daga cinya zuwa idon sawu shida, gaban jiki bakwai, baya bakwai. Bututu mai giram 30 ke nan gaɓa 60 ne. Da wannan za ka san ko abin da aka ba ka zai kai, kuma za ka gane in kana tauye wa fatar haƙƙinta: wanda kirci ya cinye masa ƙafafu biyu amma bututu ɗaya ya yi masa wata uku, ba magani yake shafawa ba.

Tsarin shafawa:

- A fara ranar da aka ga alama, kada a jira ya yi muni.
- A shafa a kan wurin ciwon kawai, sau ɗaya a rana, ko biyu in haka likita ya ce.
- A bar tazarar minti 20 zuwa 30 tsakaninsa da mai, don kada man ya tsarma shi ko ya kwashe shi zuwa inda ba a so.
- A ci gaba har fatar ta daina ƙaiƙayi, ta yi laushi in an shafa ta da yatsa, sannan a ƙara kwana biyu. Yawanci kwana 7 zuwa 14 ne a jiki, a fuska kuwa ƙasa da haka.
- In mako biyu ya wuce babu sauƙi, a koma wurin likita. Ko dai ƙarfin bai isa ba, ko ƙwayar cuta ta shiga, ko tun asali ba kirci ba ne.

Da yatsa ake gane ya warke, ba da ido ba. Bayan ciwon ya kwanta, wurin yakan bar tabo mai duhu ko mai haske, musamman a baƙar fata, kuma yakan ɗauki watanni kafin ya saje. Tabon ba ciwo ba ne, kumburin da ya wuce ne ya bar sawunsa. Ci gaba da shafa sitiroyid a kansa don ya goge ba ya goge shi.

Hattara: sitiroyid mai ƙarfi a fuska, hammata ko matsematsi na tsawon makonni yana sirantar da fata, ya kawo nankarwa da ba ta gogewa, da ƙuraje, a fatar ido kuma yana iya taɓa idon kansa. A guji mayukan nan da aka haɗa magani uku ko huɗu a bututu ɗaya, da man bilicin, domin da yawansu sitiroyid mafi ƙarfi ne a ciki. Haka allura ko ƙwayar sitiroyid: sauƙi nan take, amma in ta sake ka ciwon yakan dawo fiye da da.

6. Wurin da ya ƙi ji

In wuri ɗaya ne ke tashi sau biyu ko uku a wata, akwai dabarar da likitoci ke bayarwa: bayan ya warke, a ci gaba da shafa maganin a daidai wurin kwana biyu a mako, misali Asabar da Lahadi, na wasu watanni. 

Ga fuska da fatar ido akwai magungunan da ba sitiroyid ba ne, ba sa sirantar da fata: takrolimus, wanda ake sayarwa da sunan Protopic, da pimekrolimus. Protopic mai 0.03 na yara ne daga shekara 2, mai 0.1 daga shekara 16. Sun fi tsada. Sukan yi zafi ko raɗaɗi a kwanakin farko, abin da ke sa mutane jefar da su, alhali yakan wuce cikin mako guda. A rage shiga rana tsaka yayin amfani da su.

7. Karya susa

Ƙaiƙayi na kawo susa, susa na yaga fata, yagewar na ƙara ƙaiƙayi. Cewa yaro "daina susa" ɓata baki ne, har cikin barci ma yana yin ta. A yanke farce gajere a goge kaifinsa. A ɗora tsumma mai sanyi minti kaɗan a wurin, ko a danna da tafin hannu maimakon karta. Ajiye man a firiji yana taimakawa. Ɗakin kwana ya kasance da sanyi-sanyi, mayafi marar nauyi, riga mai dogon hannu ta auduga.

Ƙwayoyin maganin borin jini ba sa kashe ƙaiƙayin kirci yadda ake zato. Masu sa barci a cikinsu suna iya taimakawa na 'yan darare in ciwon ya hana runtsawa, amma ba a ba ƙaramin yaro sai an tambayi likita.

8. Gano abin da ke tayar da naka

Kowa da nasa. Waɗanda suka fi yawa su ne sabulu, turare, zufa, ulu da yadin roba, ƙura, gashin dabbobi, busasshiyar iska, rashin barci da damuwa. Ka ɗauki mako huɗu zuwa shida kana rubuta ranar da ya tashi da abin da ya canza kafin nan, kana ɗaukar hoto a wuri mai haske. Abu ɗaya ake cirewa a lokaci guda, in ba haka ba ba za a san mai laifin ba.

Sabon tufafi a wanke kafin a sa, a ɗauraye wanki sosai. Mai aikin ruwa da sabulu ya sa safar hannu ta roba da ta auduga a ciki, ya cire in hannun ya fara gumi. In kircin ya tsaya wuri ɗaya, kamar ƙarƙashin agogo, kunne, cibiya inda maɓallin wando ke taɓawa, ko goshi bayan rinin gashi, wataƙila fatar ce ba ta shiri da ƙarfen nikel ko sinadarin rinin. Akwai gwajin da ake manna sinadarai a baya, a cire bayan awa 48, a sake dubawa bayan wasu kwana biyu.

Hattara: kada a hana yaro madara, ƙwai ko wani abinci bisa zato. Abinci ba shi ne sanadin yawancin kirci ba, kuma hanin yana iya tauye girma, har ya jawo jiki ya ƙi abincin da da yake karɓa. Inda ake zargin abinci da gaske shi ne in leɓe ya kumbura, ko borin jini ko amai ya biyo baya jim kaɗan da ci. Wannan maganar likita ce, in kuma numfashi ya sarƙe, asibiti nan take.

9. Alamomin da ba a kwana da su

Fatar da ta tsage ƙofa ce. In wurin ya fara zubar ruwa sosai, ya yi ɓawo rawaya kamar busasshiyar zuma, ko mugunya, ko ya kumbura yana zafi, ƙwayar cuta ta shiga, a je a duba a ranar.

Wadda ta fi haɗari ita ce in ƙwayar da ke kawo ƙurajen leɓe na zazzaɓi ta hau kan kirci. Za a ga ƙananan ƙuraje masu ruwa a cunkushe, ko ramuka ƙanana masu girma ɗaya kamar an huda da abu, suna yaɗuwa cikin sa'o'i, da ciwo maimakon ƙaiƙayi, da zazzaɓi da kasala. Wannan na gaggawa ne, ana ba da maganin wannan ƙwayar, mai suna asaikulobiya, tun ba a jira sakamakon gwaji ba, in kuma kusa da ido ne sai likitan ido ya gani. Saboda haka mai ƙurjin leɓe kada ya sumbaci jariri mai kirci. Haka nan in ciwon ya rufe kusan dukkan jiki, mutum na rawar sanyi, asibiti za a nufa.

10. In duk wannan bai isa ba

Kafin a ce magani ya gaza, a duba abu uku: giram nawa na mai ke ƙarewa a mako, gaɓa nawa ake shafawa, kwana nawa ake yi. Sau da yawa amsar tana nan. In kuwa an cika su kuma barci, makaranta ko aiki na lalacewa, lokacin ganin likitan fata ya yi. Yana iya koyar da naɗe jiki da jiƙaƙƙen bandeji a kan mai, ko ya tura a gasa fata da haske na musamman sau biyu ko uku a mako, ko ya ba da magungunan da ke lafar da garkuwar jiki, irin su metotireksat da saikulosporin, waɗanda ke buƙatar gwajin jini a kai a kai. Metotireksat sau ɗaya ake shan sa a mako, ba kullum ba, kuma ba ya haɗuwa da juna biyu. Akwai kuma allurar Dupixent, wadda aka amince da ita a Amurka a 2017, tana aiki sosai ga masu tsananin ciwon, sai dai tsadarta ta sa ba kowa ke kai wa gare ta ba.

Ranar zuwa asibitin, a tafi da dukkan bututu da kwalaben da aka taɓa shafawa, har da waɗanda aka saya ba da takarda ba, da hotunan ranar da ciwon ya fi muni, domin kirci ya iya lafawa daidai ranar da za a nuna shi.